Gardermoen: Ina Ruwan Wanke Fukafukai Yake Tafiya?

Jirgin ƙasa mai gudu da ke kai matafiya filin jirgin saman Oslo da ke Gardermoen yana tashi daga babbar tashar birnin, kuma kafin mutum ya gama gyara zama ya riga ya kutsa cikin dutse. Sunan ramin Romeriksporten, tsawonsa ya haura kilomita 14. Fasinjojin da ke gefena kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ni kuwa hankalina yana kan abin da ke bisa kawunanmu, domin daji ne da tafkuna a can sama. A 1997, ana tsakiyar haƙa ramin, ruwan tafkunan ya riƙa tsiyayowa ta tsagogin dutse. Ƙaramin tafkin Puttjern ya kusa ƙafewa, Lutvann ma ya ja baya. Sinadarin da aka kawo don toshe tsagogin, Rhoca-Gil, sai aka gano yana sakin guba mai suna akrilamaid, dole aka dakatar da shi. An buɗe filin jirgin ranar 8 ga Oktoba 1998, amma ramin bai fara aiki ba sai Agustan 1999. Tun kafin jirgin sama na farko ya tashi daga sabon filin, mutanen Norwe sun riga sun ji jiki a kan batun ruwa, idonsu kuma ya buɗe.

Tafiyar minti 19 ce. Da muka wuce Lillestrøm sai ƙasa ta buɗe, fari fat da dusar ƙanƙarar watan Fabrairu, can gaba kuma ta miƙe shimfiɗe, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar duwatsu irin wannan. Shimfiɗar tana da tarihi. Kimanin shekara 9,500 da suka wuce, bakin ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin Turai ya tsaya a nan kusa, a Hauerseter, ruwan da ke narkewa daga gare ta ya yi ta jibge yashi da tsakuwa a cikin teku. Daga baya ƙasa ta ɗaga, tekun ya janye, tulin yashin ya saura a tsayin da ya ɗan haura mita 200. Ruwan sama da na narkewar dusa suna nutsewa cikinsa ba tare da wani murfin yumɓu ya tare su ba, har ya zama rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa mafi girma irinsa a Norwe. A kan wannan rumbu aka shimfiɗa titunan jirgi biyu, ɗaya mita 3,600, ɗaya mita 2,950, waɗanda a 2019 fasinja sama da miliyan 28 suka bi ta kansu.

Arewa na nufa da farko, Tromsø. Bayan an turo jirginmu baya daga ƙofar shiga, bai zarce titin tashi ba, sai ya ratse zuwa wani faffaɗan dandamali kusa da ƙarshen titin ya tsaya, injuna na kunne. Matuƙin ya sanar cewa za a cire ƙanƙara, za a kuma rufe iskar da ke shigowa daga waje na ɗan lokaci. Ta taga na ga motoci biyu sun matso, kowace da dogon hannu, a ƙarshen hannun akwai ɗan akwatin gilashi da mutum zaune a ciki. Suka saki ruwa mai launin lemo a kan fiffike, da zafinsa, tururi ya turnuƙe har na daina ganin komai. Dusar da ta kwanta a kan fiffiken ta zame ta zube ƙasa. Daga nan suka sauya, suka bi da wani ruwan mai kauri, fatsi-fatsi, a hankali, ba da ƙarfi irin na farko ba. Wannan bai gangare ba, ya lafe a kan ƙarfen yana sheƙi, da yauƙi kamar na miyar kuɓewa. Duk da an rufe iskar, wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya ɗan shigo.

Ruwa na farko, wanda masu aikin ke kira nau'i na ɗaya, gilaikol ne da aka sirka da ruwa aka dafa ya haura digiri 60. Zafinsa da ƙarfin feshinsa ne ke kawar da ƙanƙara. Na biyun an saka masa sinadarin kauri don ya zauna ya hana sabuwar ƙanƙara kamawa kafin jirgi ya tashi. Kariyar tana da wa'adi. Matuƙi yana da jadawalin da ke gaya masa minti nawa za ta yi masa gwargwadon sanyi da irin abin da ke zubowa daga sama, idan kuwa wa'adin ya cika yana layi, kuma ba a tabbatar fiffiken tas yake ba, dole ya koma a sake wanke shi.

Ba wanda zai ce a tsuke hannu a nan, ni ma ban ce ba. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ƙanƙarar da kaurinta da kaushinta ba su wuce na sanfefa ba tana iya rage ƙarfin ɗagawar fiffike da kashi 30 cikin ɗari. Ranar 13 ga Janairu 1982 jirgin Air Florida ya tashi daga Washinton da ƙanƙara a jikinsa, ya bugi gada ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka rasu. Wanda mutanen wannan yanki suka fi tunawa shi ne na 27 ga Disamba 1991: jirgin SAS ya tashi daga Stockholm bayan an wanke shi, amma wata ƙanƙara garau wadda ido ba ya kamawa ta saura a kan fukafukansa. Da ya ɗaga sai ta ɓalle ta faɗa injunan da ke baya, duka biyun suka mutu. Matuƙin, Stefan Rasmussen, ya saukar da shi a wani fili a Gottröra, jirgin ya karye gida uku, Allah Ya kiyaye duk mutum 129 da ke ciki suka tsira. Gardermoen kanta, wata biyu kacal da buɗewa, ranar 14 ga Disamba 1998, hazo mai daskarewa ya lalata injunan jirage aƙalla 20. Saboda haka feshi dai dole ne. Abin da ya tsaya mini a rai ina kallon ruwan lemon nan yana kwarara a kan kankare shi ne inda ya dosa, alhali a ƙarƙashinmu yashi ne mai shan komai.

Da na dawo daga arewa sai na sauka a Jessheim, garin da ke maƙwabtaka da filin, na bi sawun ruwan.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne ruwan da ake fesawa a nan ba guba ba ne a ma'anar da muka saba. Furofilin gilaikol ne, wanda ake sakawa a abinci da man shafawa da maganin tari na yara. Danginsa ne masu kisa. Wanda ya tuna yara 84 da suka rasu a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 bayan shan maganin haƙori na My Pikin, dayetilin gilaikol ne aka samu a ciki. Sunan ya yi kama, aikin ya sha bamban. Wani ɗan'uwansu mai illa, etilin gilaikol, har yanzu ana fesa shi a filayen jiragen Kanada. Na Norwe kuwa, ɓarnarsa ta wata hanya take zuwa: abinci ne mai daɗi ga ƙwayoyin bakteriya, su kuma ba sa cin sa sai da iskar oksijin. Lissafin a fili yake. Kilo ɗaya na furofilin gilaikol yana buƙatar kusan kilo 1.7 na oksijin kafin ya ruɓe gaba ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa mai tsananin sanyi, iyakar abin da take riƙewa miligiram 14 ne da ɗoriya. Ke nan kilo ɗaya tak ya isa ya shanye duk iskar da ke cikin lita kusan 120,000 ta ruwan rafi. Jirgi guda kuwa yana iya shan ɗaruruwan litoci a wanki ɗaya, babba a ranar dusa mai yawa har dubbai. Kifi ba ya mutuwa don ya sha guba, numfashi ake ƙwace masa.

Titin jirgin ma yana da nasa maganin. A da, filaye da yawa takin yuriya suke watsawa, wanda manomanmu ke zuba wa masara, domin yana narkar da ƙanƙara kuma ba ya cin ƙarfe. Amma a ruwa yana rikiɗa ya zama amoniya mai kashe kifi. A Gardermoen gishirin fomet ake amfani da shi, wanda buƙatarsa ta oksijin ba ta kama ƙafar ta gilaikol ba.

Dabarar farko ta wannan fili a wurin zane aka yi ta. Ba a barin kowane jirgi a wanke shi a inda ya tsaya. Sai ya zo dandamalin da aka keɓe, mai daɓen da ruwa ba ya ratsawa, mai gangara zuwa magudanai nasa na kansa. Abin da ya zuba a nan ba ya haɗuwa da ruwan sama na sauran filin. Ana auna ƙarfinsa a rarraba shi: mai kauri a ajiye daban domin yana da daraja, mai tsarwa-tsarwa a tura shi manyan tafkunan ajiya, daga can a riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan zuwa matatar ruwan ƙazanta ta ƙaramar hukumar Ullensaker. Sakin a hankali shi ne sirrin, domin gilaikol yana zuwa ne a dunƙule a ranakun dusa, matata kuwa tana son abinci daidai gwargwado kullum.

A matatar na fi daɗewa, don a nan na ga abin da ya burge ni ƙwarai. Tankunan cike suke da 'yan ƙananan robobi masu ramuka, dubbai bisa dubbai, suna ta juyawa cikin ruwa. A jikinsu bakteriya ke maƙalewa su yi gida. Fasahar 'yar ƙasa ce, ta fito daga aikin Farfesa Hallvard Ødegaard na jami'ar Trondheim a ƙarshen shekarun 1980, yau kuma ana amfani da ita a duniya. Ma'aikacin da ya zagaya da ni ya bayyana mini cewa aikinsu mafi wuya shi ne cire naitirojin daga ruwan bayan gidan gari, abin da ya zama wajibi bayan ƙasashen Tekun Arewa sun amince a 1987 su rage rabin sinadaran taki da ke kwarara teku. Ƙwayoyin da ke mayar da naitiret iska su sallame shi sama ba sa aiki sai an ba su abinci mai kabon. Wasu matatun sayen metanol ko etanol suke yi da kuɗi. Nan kuwa ga gilaikol daga maƙwabta. Masu bincike na Norwe sun gwada wannan tun tsakiyar shekarun 1990, kafin a buɗe filin, suka tabbatar yana yi. Ƙazantar filin jirgi ce ke taya wanke ƙazantar gari, kuma ƙishirwar oksijin ɗin da za ta kashe rafi ita ce ake mora a cikin tanki.

Da a ce labarin ya ƙare a nan, da sai a tafa a watse. Masu bincike sun kiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na gilaikol ne ake kamawa a dandamali. Sauran yana tafiya da jirgi, kuma da gangan aka ƙera shi haka. Ruwa mai kaurin nan dole ya zauna a kan fiffike har jirgi ya fara gudu, sa'annan iska ta tsinka kaurinsa ta share shi kafin a ɗaga. A ina yake sauka? A kan titi da ciyawar gefensa, musamman inda jirage ke fara gudu. Motocin share dusa su zo su ture, su feso shi gefe, ya shige cikin tudun dusa mai tsawon kilomitoci. Na tsaya a bayan shinge ina kallon wannan tudu, fari ne kamar kowane, ba abin da zai nuna maka yana ɗauke da ajiyar wata da watanni.

A nan ne ainihin gwajin yake, kuma ba a lokacin sanyi ake yin sa ba, sai wajen Afrilu. Cikin 'yan makonni dusar da ta taru tun Nuwamba take narkewa, sinadaran kuma su ne kan gaba wajen fita, cikin ruwan farko. Ƙasa tana daskare a wurare da yawa, saboda haka ruwan ba ya nutsewa daidai wa daida; yana gangarawa ya taru a kwari, ya sami kafa ya shige da yawa ta wuri guda. Tsakanin ciyawa da ruwan ƙasa akwai yashin da bai jiƙe sharkaf ba, wani wuri 'yan mitoci, wani wuri ya fi 20. Bakteriyar da ke cikin wannan yashi su ne matatar da ba a gina ba. Idan ruwan ya sauka a hankali, sukan cinye gilaikol kafin ya isa ƙasa. Idan ya yi sauri, ko ya yi yawa, ko sanyi ya sa su kasala, sai ya wuce su.

Farfesa Helen French ta jami'ar kimiyyar rayuwa da ke Ås ta shafe shekaru tun daga 1990 da wani abu tana nazarin wannan a Moreppen, wani wurin gwaji a gefen filin, inda aka haƙa rami mai zurfi aka jera bututun tsotso a bangonsa don a bi ruwan narkewa taki-taki yana sauka. Aikinta da na abokanta ya nuna cewa ko gilaikol ɗin ya ɓace, yakan bar tabo. Idan oksijin ya ƙare a cikin ƙasa, ƙwayoyin ba sa daina ci, sai su koma numfashi da naitiret, daga nan su juya kan manganis da ƙarfen da ke manne a jikin yashi, su narkar da su cikin ruwa. In abin ya yi nisa har wani wari mai kama da na albasa yakan tashi. Ruwa ba ya tsami banza: mai ɗaukar samfuri zai iya zaro ruwan da babu ɗigon gilaikol a ciki, amma yawan manganis ya gaya masa abin da ya faru a wurin shekara da shekaru. Wannan ya sa a gefen titin yamma, inda nauyin ya fi yawa, aka kai ga hura iska cikin ƙasa ta rijiyoyi, ana kuma kwashe dusar da ta fi gurɓata a kai ta inda za a iya tare ruwanta.

Rijiyoyin awo suna ko'ina, 'yan bututu masu murfi da ke leƙowa daga cikin dusa a ciki da wajen shinge. Hukumar muhalli ta ƙasa ce ta ba kamfanin Avinor, mai gudanar da filin, izinin amfani da sinadaran bisa sharuɗɗa, kuma duk shekara kamfanin yana buga rahoton muhalli da ke faɗin inda aka ƙetare iyaka. A ganina wannan ya fi tankuna da famfuna muhimmanci. Injiniya zai iya gina abin da aka ce ya gina, amma idan ba a tilasta wa mai fili ya auna ya kuma faɗi abin da ya samu a bainar jama'a ba, kashi 20 ɗin nan da ke bin iska ba wanda zai san labarinsa.

Wata safiya na gangara kudu maso yammacin filin, inda shimfiɗar yashi ta ƙare ƙasa ta tsattsage ta zama kwazazzabai masu zurfi a cikin yumɓu. Yanki ne da doka ta kare. A nan ruwan da ya nutse a sama yake ɓulɓulowa ta idanun ruwa ya shiga rafin Sogna, Sogna ta zuba a Leira, Leira ta kai tafkin Øyeren a kan kogin Glomma. Dusa ta kai gwiwa, amma a gindin kwazazzabon ruwa na gudu baƙi wuluk tsakanin fararen gaɓoɓi, saboda ruwan ƙasa yana fitowa da ɗan ɗuminsa. A sama jirage na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na mutanen Norwe ruwan tafki da kogi suke sha, ba na rijiya ba. Wannan rumbu da ake ta wahala a kansa galibi ajiya ce ta gobe, da kuma abin da ke raya waɗannan rafuka da 'yan tafkunan da ke arewa maso gabas. Ni da na taso inda rijiya da burtsatse su ne ruwan yau da kullum, ganin ana tsaron ruwan da ba a ma fara dogara da shi ba ya taɓa ni sosai.

Ba Oslo kaɗai ke wannan fama ba, kowa da hanyar da ƙasarsa ta ba shi. Munik a Jamus tana tace gilaikol a cikin filin ta sake haɗa sabon ruwan feshi da shi. Zurik tana yayyafa mai tsarwa-tsarwan a kan filayen ciyawa don ƙasa ta cinye. Heathrow a Landan tana bi da shi ta fadamun da aka shuka da gangan. A Amurka sai 2012 hukumar muhalli ta fitar da ƙa'ida ta ƙasa baki ɗaya: ta matsa wa filaye su bar yuriya a kan titi, amma tilascin tara kashi 60 na ruwan feshi ta ɗora shi ne kan sababbin filaye kawai, tsofaffin ta bar su da izinin da kowannensu ke samu daban. Ina ganin a nan ne bambancin yake. Filin da aka gina ba tare da tunanin inda ruwa zai bi ba, gyaransa daga baya tsada ne da faci, shi ya sa masu shi ke turjewa. Gardermoen ta ci ribar zuwa a makare, a kan wurin da kowa ya san haɗarinsa.

Duk da haka yashin nan ba komai yake iya ci ba. A da ana saka wa ruwan feshi wani sinadarin hana tsatsa da kama wuta mai suna benzotirayazol, ɗan kaɗan ne a cikin haɗin. Da aka rufe tsohon filin Oslo na Fornebu a 1998, masu bincike suka koma bayan an daina feshi da shekara ɗaya zuwa biyu, suka tarar da shi yana nan a cikin ƙasa da ruwa. Gilaikol da ake auna shi da tan ya ruɓe, ɗan ƙarin da ba a damu da shi ba ya zauna.

Mafi muni kuma yana cikin Gardermoen kanta, a filin da 'yan kwana-kwana ke atisaye. Shekaru an yi ta fesa kumfar kashe wuta mai ɗauke da sinadarin PFOS a wurin, ta nutse ta wannan yashi har ta isa ruwan ƙasa. Babu bakteriyar da ke narkar da shi, jira kuma ba ya rage shi. Norwe ta haramta shi a kumfar kashe wuta a 2007. Abin da ya rage shi ne a zuƙo ruwan da famfo, a bi da shi ta gawayi na musamman mai kama sinadarin, sa'annan a sake shi. Gawayin idan ya ƙoshi sai a sauya shi, shi ma ya zama sharar da dole a nema mata wurin zuwa. An daɗe da daina amfani da kumfar, amma aikin zuƙo ruwan da tace shi bai ƙare ba.